Shirun Malam Biyu-Biyu

A Rikkos, idan ka tambayi gidan Malam Ishaku sai a tsaya ana kallon-kallo, don Ishaku a unguwar sun fi goma. Amma ka ce Malam Biyu-Biyu, ko mai faci na bakin titi zai nuna maka lungun: ka wuce masallacin nan mai koren fenti, gida na uku, wanda ruwan sama ya cinye gindin katangarsa. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa sunan, ya bi shi shekara talatin da uku, har matarsa Ummusalma kan kira shi da shi in tana jin tsokana.

An haife shi a wani barikin kuza can bayan Bukuru. Ubansa lebura ne, yana haƙa yana wankewa har bayansa ya ranƙwafa. Ranar da kamfani ya sallame shi aka ba shi takarda da Turanci, ya kawo wa Ishaku, wanda a lokacin yake aji biyar, ya ce ya karanta masa. Yaro ya duba, ya sake dubawa, ya kasa. Uban ya karɓi takardarsa ya ninke ya sa a aljihu, bai kuma sake tayar da zancen ba har ya mutu. Malam ya sha gaya wa Ummusalma cewa da marinsa aka yi ran nan da ya fi masa sauƙi. Daga nan ya ƙulla wa Turanci, ya bi shi har makarantar horon malamai, ya dawo Jos ya kama koyarwa a wata sakandaren gwamnati kusa da Laranto.

Duk malamin Turanci yana da abin da ya fi so. Na Malam Ishaku wasu kalmomin aikatau ne masu fuska biyu: kalma ɗaya, ma'ana biyu, kowace ma'ana kuma da kamar da take ɗauka idan aikin ya riga ya wuce. Kalmar hang, in riga ka rataya jiya sai ka ce hung, in kuwa mutum aka rataye bisa hukunci sai a ce hanged. Kalmar lie, ta kwanciya tana komawa lay, ta shara ƙarya tana komawa lied. Kalmar shine, in rana ce ta haska shone ne, in takalmi ka goge shined ne. A nan yara ke zubewa a jarrabawa duk shekara, shi kuma ya rantse ba a ajinsa ba.

Yana da wata rular katako da ta yi baƙi don riƙo. Zai buga ta a tebur sau uku, tak, tak, tak, ya ce, “Hang, hung, hung,” ya cire hularsa ya rataya a ƙusa. Ya sake bugawa, “Hang, hanged, hanged,” ya kama wuyan rigarsa ya ɗaga sama ya zaro harshe. Aji ya kaure da dariya, sannan su amsa gaba ɗaya. Dattijo da gemunsa, sai ka gan shi ya kwanta a miƙe a kan tebur da babbar riga don kawai wani ɗan Dung ko wata 'yar Onyinyechi su riƙe lay. Abokan aikinsa suka ce wasan yara yake yi. To, su da ba sa wasan yara, a je a duba sakamakon ajinsu.

Wanda ya san shi a aji ba zai gane shi a gida ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma yana da wani hali da Ummusalma ta daɗe tana ɗauka kirki ne zalla. Ba a gaya masa abu sau biyu. Suna amarci yakan yi fito in yana aske gemu. Wata safiya kanta na ciwo ta ce, “Malam, fiton nan fa yana shigar mini kai.” Ya ce to. Shekara talatin da ɗaya ba ta sake jin fitonsa ba, ko da ta dawo tana roƙonsa da wasa. Ba fushi ya yi ba. Shi dai in aka rufe masa ƙofa ba ya sake ƙwanƙwasawa.

Sun haifi 'ya ɗaya, Salma, tana aure a Gombe. Ummusalma na ɗinki a tsakar gida, shi yana fita da safe da takalminsa mai sheƙi, ya dawo da alli a hannun riga. Haka rayuwar ta tafi har ya yi ritaya, ba su tara komai ba, ba su kuma nemi na kowa ba.

Shekara biyu da ritayarsa, wata Talata cikin damina, yana zaune a bakin ƙofa yana goge takalmi sai burushin ya faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, ya bi shi ƙasa. Sati uku suka yi a asibiti. Aka dawo da shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana kuma ta ɗauke ƙaf. Yana ji, yana ganewa, idonsa na bin mutum, amma ko sunan matarsa ba ya fita.

Kwana goma sha ɗaya da dawowarsu, Ummusalma ta dama masa kunu, ta buga cokali a bakin kofi don ta kakkaɓe shi. Sau uku ya bugu. Sai ta ji murya daga kan gado, tar da ita, irin wadda yake fita da ita aji:

“Hang, hung, hung.”

Kofin ya kusa suɓuce mata. Ta durƙusa a gaban gadon tana kuka tana hamdala, ta kira Salma a waya ta ce bakin Babanki ya buɗe. Sai da aka kwana biyu ta gane iyakar buɗewar ke nan. Ruwa yake so, kalmomin nan ne. Ciwo yake ji, su ne. Ta shigo ɗaki ya yi murna, su ne dai. Duk Hausar da ya tashi da ita, duk karatun da ya yi a allo, sun shige wani wuri an kulle, an bar masa abin da ya fi maimaitawa a duniya.

A hankali ta koyi jin sa. In ya ja shine, shone, shone a sanyaye, ƙishirwa ce. In ya sassare lie, lay, lain da sauri, a juya shi, gefen ya gaji. In ya yi hang ɗin nan yana ɗaga gira, tsokanarta yake yi. Ita da ta tsaya a aji huɗu na firamare, ta wayi gari ita kaɗai ce tafintan mijinta.

Amma akwai abin da ya hana ta sakat, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Likita ya gaya mata a fili cewa ciwon yana iya dawowa, in ya dawo kuma da wuya ya bar shi. Tun tana yarinya ta san abin da ake roƙa wa kowane Musulmi: ya cika da kalmar shahada a bakinsa. Kullum bayan ta idar da sallar asuba sai ta zauna kusa da kansa ta ce, “Malam, ce La'ilaha illallahu.” Ya dube ta. Leɓensa ya yi ta rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa cikin sanyin nan na Jos. Can sai abin ya fito: “Shine, shined, shined.” Hawaye ya gangaro masa ta gefen da ya mutu. Tsoro ya kama Ummusalma, tsoro na gaske, cewa mutumin da bai taɓa barin jam'i ya wuce shi ba zai tafi da zancen goge takalmi a harshensa.

Mutum biyu ne suke zuwa gidan a kai a kai. Ɗaya Dina ce, ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke zaune a Daɗin Kowa, wadda ta zauna a ajinsa shekara ashirin da suka wuce. Da ta ji labari ta ɗauki jakarta ta riƙa zuwa Litinin da Alhamis tana miƙar masa da hannu da ƙafa, ko kuɗin Keke Napep ba ta karɓa. Ranar farko da ta ji shi ya yi hang, hung, hung, ba ta san lokacin da ta amsa masa da hang, hanged, hanged ba. Malam ya yi wata dariya da rabin baki, ta farko tun da ya faɗi.

“Mama, ku bar shi ya yi ta yi,” in ji Dina, da irin Hausarta. “Hanya ɗaya ne ya rage masa. Daga nan ne sauran magana zai iya fitowa, small small. In kun toshe wannan, ban san wani ba.”

Ɗayan kuwa Alhaji Jabir ne, wan Malam, dillalin katako a Laranto. Mutum ne mai zumunci, ba za a ƙwace masa wannan ba: shi ya kawo katifa, shi ke aiko da buhun masara. Sai dai tun suna yara bai yafe wa boko ɗauke masa ƙane da ya yi ba, kuma Alhaji irin mutanen nan ne da ba su taɓa shakkar ra'ayinsu ba ko na minti ɗaya. Ya zo da abokansa 'yan kasuwa dubiya, aka yi sallama, aka ce ya jiki, mara lafiya ya dube su ya ce lie, lied, lied. Kunya ta rufe Alhaji. Da suka fita ya kira Ummusalma zaure.

“Maman Salma, wannan ba ciwon asibiti ba ne kaɗai. Akwai iska a ciki. Ina kika taɓa jin Musulmi ya manta sunan Allah ya riƙe yaren Nasara? Daga yau in ya fara, a katse shi. Kada a amsa masa, kada a yi masa dariya. Ku ne kuke ba abin ƙarfi.”

“Yaya Alhaji, ita ma'aikaciyar ta ce...”

“Ma'aikaciya ce za ta kwanta masa a kabari?”

Ta koma ɗaki. Aka kawo mai ruƙiya, aka yi hayaƙi, aka shafa mai. Duk wanda ya shigo ɗakin an gaya masa dokar, da Malam ya buɗe baki sai a ce, “A'a, Malam, yi salati.” Ya riƙa tsayawa a tsakiya yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Wata Alhamis Alhaji ya shigo ba zato ya tarar da Dina tana buga yatsa a jikin gado, ita da Malam suna karɓa-karɓa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mata an gode, Allah ya saka, amma daga yau iyali za su ci gaba da kula da shi. Dina ta dubi Ummusalma tana jiran ta ce wani abu. Ummusalma ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanen gado da ba abin da ya same shi. Dina ta haɗa jakarta, ta durƙusa ta ce, “Sir, sai na sake zuwa,” ta fita. Wannan sunkuyar da kan ya daɗe yana cin Ummusalma.

Duk da haka in ba kowa takan bar shi ya yi abinsa, don ta haka take sanin ƙishirwarsa. Sai ranar wata Juma'a da la'asar. Kwana uku ana ruwa, zannuwan da ta wanke sun ƙi bushewa, ya sake ɓata na ƙarshe, bayanta kamar zai tsage. Matan unguwa su biyar suka shigo dubiya. Malam ya gan su ya yi murna, ya shiga jero musu karatunsa da ƙarfi. Wata yarinya a cikinsu ta toshe baki da mayafi tana ƙyalƙyalawa. Maimunatu ta gidan da ke kallon nasu, wadda ba ta taɓa ganin wuta ba ta ƙara mata itace ba, ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Oh, duniya. Allah dai ka sa mu cika da imani.” Kowa ya ji inda ta dosa.

Da suka tafi Ummusalma ta dawo ɗaki. Shi bai san an yi ba, ya ɗaga gira ya fara, “Shine, shone...”

“Malam, don girman Allah ka yi mini shiru! Ka ishe ni! Ka mai da mu abin dariya a unguwa. In ba sunan Allah za ka kira ba, kada in sake jin bakinka!”

Ya tsaya. Ya dube ta, ba da fushi ba, irin kallon nan na ranar fito. Sannan ya haɗa leɓensa a hankali, ya mai da ido ga silin.

Kwana biyun farko har sauƙi ta ji, kuma ba ta ɓoye wa kanta hakan ba. Alhaji ya zo ya zauna rabin awa bai ji komai ba, ya ce alhamdulillahi, iskar ta fita, saura salati ya zo. Salati bai zo ba. Abin da ya zo shi ne ta daina sanin yaushe yake jin ƙishirwa. Ta ba shi ruwa lokacin da juyi yake so, ta juya shi lokacin da yunwa yake ji. Gyambo ya fito masa a kwankwaso bai yi ko nishi ba, sai wari ne ya gaya mata.

A sati na biyu ta yi abin da ya kamata ta yi tun farko, wanda kunya ta hana ta. Ta tare limamin masallacin mai koren fenti a ƙofar gidansa ta zayyana masa komai. Tsohon ya saurara har ta gama, ya girgiza kai.

“Haba, Ummusalma. Wanda ciwo ya ɗaure wa harshe ai babu laifi a kansa. Ku ku riƙa faɗa a kusa da shi yana ji, Allah ya san abin da ke zuciyar bawansa. Shekara nawa Malam Ishaku yana bayana a sahu? Me ya sa ba ku tambaye ni ba tun tuni?”

Ta dawo gida ba ta ganin hanya sosai. Ta buɗe akwatin littattafansa ta tono rular nan, ta ja kujera gaban gado, ta buga a katakon gadon. Tak, tak, tak. Idonsa ya juyo. Ta ga ya gane ƙarar, don yatsun hannunsa na hagu sun motsa. Bakin bai motsa ba.

“Malam, ka yafe mini. Gajiya ce ta sa ni. Faɗi abinka, ko mene ne, ina so in ji.”

Shiru.

Ta shiga faɗa masa da kanta, da karyayyen Turancinta, tana kuskurewa da gangan ko malamin da ke cikinsa zai harzuƙa ya gyara mata. Ta rataya hularsa a ƙusa a gabansa. Ta kama wuyan rigarta ta ɗaga ta zaro harshe, mace mai shekara hamsin da biyar, tana yi tana kuka. Yana kallonta har ta gama.

Ta bar shi da maƙwabciya ta hau keke har Daɗin Kowa, unguwar da rabonta da ita tun kafin rikicin da ya raba garin. Ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidan su Dina. Dina ba ta yi mata gori ba, ta ɗauki jakarta kawai ta biyo ta. Ta yi awa biyu a gaban gadon tana bugawa tana kira, “Sir, ni ne Dina, back bench. Sir, hang?” Da ta fito tsakar gida idonta ya yi ja.

“Yana ji, Mama. Ko ya ƙi ne, ko hanyan ya rufe da aka bar shi, ni ban sani ba. Wallahi ban sani ba.”

Wannan rashin sanin shi ya fi komai yi wa Ummusalma ciwo. Da ta tabbata ciwo ne ya rufe bakin, da ta ce ƙaddara. Amma ta zauna da mutumin nan shekara talatin da ɗaya, ta san yadda yake yi da kalmar da aka gaya masa sau ɗaya.

Ciwon ya dawo kwana arba'in da bakwai bayan waccan Juma'ar, da hantsi, tana shanya. Ta shigo ta ga numfashinsa ya sauya. Ta aika a kira Alhaji, ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta tana maimaita kalmar shahada a kunnensa, a hankali, yadda liman ya ce. Idonsa a buɗe, yana kanta. Da ta ga abin na ƙaratowa sai ta miƙa hannu ta lalubo rular ta buga sau uku a gefen gado, ta jira. Ta sake bugawa. Tana cikin jiran ne ta lura ƙirjin ya daina tashi.

An kai shi bayan azahar. Jama'ar da ta taru ta ba unguwa mamaki, don tsofaffin ɗalibansa sun zo daga ko'ina, masu hula da marasa hula, waɗanda ba za su shiga sahu ba suka tsaya daga gefe har aka gama. A waje Alhaji Jabir yana karɓar gaisuwa yana gaya wa mutane cewa an gode Allah, ƙanensa ya rabu da abin nan kafin ya cika, ya tafi cikin natsuwa.

A cikin gida mata sun cika ɗaki da tsakar gida. Salma na gefen uwarta, Dina na rakuɓe a bakin ƙofa. Alhaji ya leƙo zai yi wa Ummusalma magana daidai lokacin da Maimunatu ta matso, ta yi tambayar da ake yi a kowane gidan rasuwa.

“Ummu, ya samu dai ya yi kalmar? Me ya faɗa a ƙarshe?”

Amsar da ake bayarwa sananniya ce, kuma da ta ba da ita ba wanda zai ƙaryata ta, don ita kaɗai ce a ɗakin. Ummusalma ta dubi Maimunatu, ta dubi Alhaji a bakin ƙofa. Rular na ƙarƙashin cinyarta, ta danne ta da hannu.

“Bai ce komai ba,” ta ce. “Abu ɗaya Allah ya bar masa da zai kira ni da shi, kuka ce a hana shi. Ku duk bai ji naku ba. Ni na ce ya yi shiru, ya yi.”